Murzar uwa da lantarkin likita

Yaro ya ƙume goshi da ƙyauren ɗaki, kafin ya gama wage baki uwa ta ɗora tafin hannu tana murza wurin: "Sannu, sannu, ya tafi." Kukan kuwa sai ya lafa. Akwai rarrashi a ciki, amma akwai aikin jijiya ma. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓi da na zafi suna haɗuwa a laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyoyin taɓi sun fi kauri da sauri. Idan aka ba su aiki, sai su tare wa zafin hanya.

Wannan murzar ce aka miƙa wa na'ura a wasu asibitocin masu neman haihuwa. A aikin dashen ƙwai, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a Ingila a 1978, ranar da mata suka fi fargaba ita ce ranar ciro ƙwai. Kimanin awa 36 bayan allurar da ke nunar da ƙwan, likita zai zura doguwar allura ta gaban mace, yana kallon sikanin, ya zuƙo ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Bai cika wuce rabin awa ba, amma da ciwo. Shi ya sa ake yin allurar barci ko maganin kashe zafi mai ƙarfi, waɗanda kan bar mace da jiri da tashin zuciya.

Dabarar na'urar kuwa, wato rage zafin da lantarki, daga likitancin gargajiyar Sin aka aro ta. Akan zaɓi wuraren da masu sukar allura suka sani tun da, kamar tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, da cikin hannu kusa da inda ake ɗaura agogo. Wani lokaci a soka siraran allurai a jona musu waya, wani lokaci a manna ɗan faci a fata kawai. Lantarkin ba mai fizga ba ne, ɗan zir-zir ne da motsin tsoka. Han Jisheng na Jami'ar Beijin ya shafe shekaru yana nuna cewa saurin bugun ma yana da tasiri: bugu 2 a daƙiƙa yana sa jiki ya saki nasa maganin zafin, irin su endofin, bugu 100 kuma ya saki wani daban mai suna dainofin.

To, yana aiki? A 1999 Elisabet Stener-Victorin da abokan aikinta a Suwidin suka gwada shi da wani magani mai ƙarfi, alfentanil, suka ga sauƙin da aka samu kusan ɗaya ne. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a Denmak da Suwidin sun ɗan rage murnar: matan da aka yi wa lantarki sun fi jin zafi lokacin aikin, sai dai sun tashi garau, ba gajiya da ruɗewa sosai. Abin da masu talla kan tsallake shi ne, a gwaje-gwajen nan duka an yi wa matan allurar kashe wuri a bakin mahaifa. Lantarkin bai ɗauki kayan shi kaɗai ba. Haka uwa ma, ƙululu take murzawa, idan goshin ya tsage sai ɗinki.

Batun cewa yana ƙara shigar ciki kuwa, alamar da aka gani da farko ba ta tabbata ba da aka sake gwadawa. Ni dai ba na son a sayar wa macen da ta riga ta kashe dukiya, ta sha gorin dangin miji, wani buri na daban. Idan an yi mata tayinsa, ta tambayi wane maganin za a haɗa da shi, da abin da aka tanada idan zafin ya fi ƙarfinta a tsakiyar aiki. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuwa, dole ta faɗa wa likita tun kafin a jona waya.