Maganin Da Ake Tattali A Ɗakin Gobe-Da-Nisa

A manyan asibitoci akwai wani sashe da ba kowa ake bari ya shiga ba. Gadajensa ƴan kaɗan ne, na'urori na ta ƙara dare da rana, kuma ma'aikatan jinya ba sa ɗauke ido daga kan majinyaci. Shi ne sashen kulawa ta musamman, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna ɗakin gobe-da-nisa. Nan ake kai wanda ya yi mummunan haɗarin mota, ko wanda aka yi wa babbar tiyata, ko wanda numfashinsa ya gaza. Cikin magungunan da aka fi amfani da su a wannan ɗaki akwai masu kashe ƙwayoyin bakteriya, wato antibayotik. Yadda likitoci suke rubuta su a can ya zama abin da masana lafiya a duniya suka sa wa ido, kuma maganar ta shafe ku, ƴan'uwa ɗalibai, fiye da yadda kuke zato.

Ranar 13 ga Satumba, 2017, masu bincike suka ƙirga majinyatan da ke kwance a irin wannan sashe har guda 1,150 a ƙasashe 88, duk a rana ɗaya. Majinyatan sun haura 15,000. An gano cewa kashi 54 cikin 100 suna ɗauke da cutar da ƙwayoyi suka haddasa, ko dai an tabbatar ko ana kyautata zato, amma kashi 70 cikin 100 ne ake ba su antibayotik. Shekara 10 kafin nan, a 2007, an yi irin wannan ƙidaya, aka samu kashi 71. Wato a cikin majinyata 10, kusan 7 suna kan wannan magani, wasu don warkarwa, wasu don rigakafi.

Me ya sa ake amfani da shi haka da yawa?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar mutum da tarinsa katanga ce da ke tare ƙwayoyin cuta. Majinyacin wannan ɗaki kuwa an sa masa bututu a maƙogwaro ya haɗa shi da na'urar numfashi, an sa masa robar fitsari, an huda jijiyarsa don ƙarin ruwa da magani. Waɗannan abubuwa su ke riƙe da ransa, amma kowannensu ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ga shi kuma jikin ya riga ya raunana. Shi ya sa ciwon huhu da cutar mafitsara da shigar ƙwayoyi cikin jini suka yawaita a sashen.

Idan ƙwayoyi suka game jini har hawan jini ya faɗi, likita ba shi da lokacin jira. Ƙa'idar da ƙwararru na duniya suka shimfiɗa ita ce a fara ba irin wannan majinyaci antibayotik cikin awa ɗaya. Matsalar ita ce gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce, kuma wane magani ke kashe ta, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, domin sai an raini ƙwayar a ɗakin gwaji ta yaɗu. Don haka likita kan ɗebi jinin gwaji tukuna, sannan ya fara da magani mai faɗi, wanda ke kashe ƙwayoyi iri-iri, kamar seftiriyazon ko merofenem. Kamar mai su ne da ya jefa babbar koma saboda bai san kifin da ke cikin ruwan ba.

Inda gizo ke saƙar

Bakteriya halittu ne masu saurin hayayyafa. Wasunsu kan rabu gida biyu cikin minti 20 idan sun samu yanayi mai kyau. A cikin miliyoyinsu, ba a rasa ƴan ƙalilan da suke da dabarar tsira daga magani. Idan aka zuba antibayotik, masu rauni su mutu, masu taurin kan su samu fili su cika wuri. Har ma sukan miƙa wa junansu wannan dabara ta hanyar musayar ƙwayoyin gado. Da haka ake samun ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Ku lura, ƙwayar cutar ce take bijirewa, ba jikin mutum ba, kuma tana iya tsallakawa daga wannan gado zuwa wancan ta hannun da ba a wanke ba.

Likitan ɗakin gobe-da-nisa ke nan ya shiga halin gaba kura baya sayaki. In ya yi jinkiri, majinyacin da ke gabansa zai iya rasa ransa. In ya riƙa zuba magunguna masu ƙarfi ba lissafi, yana dasa wa majinyacin gobe ƙwayar da ba ta jin magani.

Ba yau aka hango wannan ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a 1945, lokacin da aka ba shi lambar yabo ta Nobel, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai iya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye. Yankin da abin ya fi ƙamari, idan aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne namu na Afirka ta Yamma.

Labarin wani magani mai suna kolistin ya isa misali. A shekarun 1970 likitoci suka jingine shi saboda yana cutar da ƙoda. Da ƙwayoyi irin su Klebsiella da Acinetobacter suka gagari sababbin magunguna, dole aka koma aka kakkaɓe shi. Sai ga shi a 2015 an ba da rahoton wata ƙwayar gado a ƙasar Sin, a jikin bakteriyar da aka samu a aladu da mutane, wadda ke sa a bijire wa kolistin ɗin ma.

Yadda ake tattali

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku. Rukuni na farko, mai launin kore, shi ne na cututtukan yau da kullum, kamar amoksisilin. Na biyu, mai ruwan ɗorawa, ana amfani da shi ne da sa ido, kuma nan seftiriyazon da merofenem suke. Na uku, mai launin ja, ajiya ce ta ranar da komai ya gaza, irin su kolistin.

A asibitin da ake bin tsari, likita da mai haɗa magunguna da masanin ɗakin gwaji sukan sake duba maganin bayan kwana 2 ko 3. In sakamako ya nuna ƙaramin magani zai wadatar, a sauka zuwa gare shi. In babu alamar bakteriya, a dakatar. Sukan kuma cire robar fitsari da sauran bututu da zarar buƙatarsu ta wuce, tare da wanke hannu kafin taɓa kowane majinyaci da bayan taɓa shi. Amma duk wannan ya dogara ne ga ɗakin gwaji mai aiki. Inda babu kayan gwaji, ko dangi ba su da kuɗin biya, sai a ci gaba da lalube cikin duhu.

Naku rabon

Ƙwayar da ta gagari likita a asibiti, wani lokaci tun daga gida majinyaci ya taho da ita. Duk wanda ya shiga kemis ya sayi kafso biyu saboda mura, ya taimaka wajen horar da ita, alhali mura bairos ke kawo ta, antibayotik kuma ba ya taɓa bairos. Haka mai zuba wa kajinsa magani a ruwan sha ba tare da shawarar likitan dabbobi ba.

Don haka kada ku sha antibayotik sai likita ya rubuta. In an rubuta, ku sha shi daidai yadda aka ce. Kada ku ba ƙaninku ragowar naku, kada ku ajiye don wata rana. Ku riƙa wanke hannu da sabulu, ku kuma tuna wa iyaye zancen allurar rigakafin ƙannenku. Daga 18 zuwa 24 ga Nuwamban kowace shekara ake makon wayar da kai kan wannan matsala a duniya. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makarantarku za ta iya gayyato ma'aikacin lafiya ya yi muku bayani. Masu sha'awar darasin bayoloji da kemistiri kuma su sani, ba likita kaɗai asibiti ke nema ba. Ana matuƙar buƙatar masana ɗakin gwaji da masu haɗa magunguna, domin da sakamakonsu ne likita yake sanin maganin da zai ci gaba da shi da wanda zai dakatar.