Ruwa na Allah ne, gona ta manomi ce

Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san yadda ake kallon gabas a watan Yuni. An yi sassabe, an tanadi iri, wasu har sun yi binne, sa'an nan kowa ya zuba wa hadari ido. Cimakar shekara guda tana rataye ne ga damina ta wata uku zuwa huɗu, kuma babu sarki ko gwamnan da ke da ikon ƙara mata kwana ɗaya.

Tarihin ƙasarmu Nijar cike yake da shaidar haka. Farin 1973 ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa. Na 1984, wanda talakawa suka raɗa wa suna El Buhari, ya kori magidanta daga garuruwansu. Farin dango da ƙarancin ruwa na 2004 suka haifar da yunwar 2005. A 2024 kuwa ruwan ne ya yi yawa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe.

To, yaya mutum zai yi da abin da ya fi ƙarfinsa? Wasu sukan ce sai dangana. Gaskiya ne, amma dangana dabam, naɗe hannu dabam. Manoman da suka fi jure wa fari su ne waɗanda suka raba matsalar gida biyu: saukar ruwa ba ta hannunsu, amma ƙasar da ruwan zai sauka a kanta tana hannunsu.

A jahar Maraɗi, a da, gonar da aka share ƙal ita ce gonar manomin kirki. Iska takan binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa kowace bazara daga kututturan itatuwa masu rai suke fitowa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a bar su su girma. Wannan shi ne sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu, da aka yi wa dariya, su ne maƙwabta suka koma suna koyi da su. Bayan shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya zai ga gawo jere cikin gonaki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tsare wa hatsi rana. Ganyen ya zama taki, ƴaƴan kuma abincin bisashe da rani.

A jahar Tawa, inda faƙo ya yi yawa, wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo da dabarar tassa. Ana haƙa ƙananan ramuka tun da rani, a zuba taki, ruwan da zai gudu ya tsaya a gindin shuka. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma filin da aka fid da rai da shi ya koma ba da damma.

Kada mai karatu ya zaci an kashe bakin yunwa. A 2005 jahar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani. Sai dai mai itace a gona yana da makamashin sayarwa da ganyen miya, ya sayi tiyar hatsi kafin ya kai ga sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko jinginar da gonar gado. Ɓarayin itace ma suna nan, shi ya sa garuruwa da dama suka kafa kwamitocin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki.

Hausawa sun ce: Allah ya ce tashi in taimake ka. Idan damina ta yi gardama za a fita roƙon ruwa kamar kullum. Amma kafin ranar, kowane magidanci ya zagaya gonarsa da gatari, ya ƙirga kututturan da ya kamata ya bari.