Duwatsun Damargu masu ba da labarin teku

A tuddan da ke kewaye da Tanut, makiyaya da yara sukan tsinci wasu duwatsu masu ban mamaki. Dutsen a naɗe yake kamar ƙahon rago. Wani ƙarami ne, wani ya cika tafin hannu. Mutane da yawa suna wuce su, ba su san ko mene ne ba.

Waɗannan duwatsu ba sassaƙa ba ne. Gawar wata dabbar ruwa ce mai ɓawo kamar katantanwa. Masana suna kiranta amonit. A cikin teku kawai take rayuwa, kuma irinta ya ƙare tun da daɗewa.

To, me ya kawo dabbar teku Damargu? Yau daga Tanut zuwa bakin teku ya fi kilomita 1000. Amsar ita ce, tekun ne ya zo. Shekaru wajen miliyan 95 da suka wuce, ruwan teku ya taso daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu. Ya haɗu da wani ruwan da ya shigo daga kudu ta kwarin Binuwai. A lokacin, ƙasar Tanut da ta Balbeji suna ƙarƙashin ruwan gishiri. Babu ɗan Adam a duniya tukuna.

Idan dabbar ta mutu, sai ta nutse ƙasa. Laka ta rufe ta, ta cika cikin ɓawon. Sannu a hankali lakar ta daskare ta zama dutse, da siffar dabbar a jikinta. Daga baya tekun ya janye. Iska da ruwan sama suka yi ta zaizaye ƙasa, har duwatsun suka fito fili.

Wani masani Bafaranshe mai suna René Chudeau ya yi rubutu kan amonit ɗin Damargu a shekarar 1909. A 1943 aka raɗa wa wani irinsu suna Nigericeras, wato an sa masa sunan Nijar. Ana samun ƴan uwansu a Aljeriya, da kuma Ashaka ta jihar Gombe a Nijeriya, inda ake haƙar dutsen siminti. Wannan ya nuna ruwa ɗaya ne ya haɗa wuraren nan.

Wannan labari ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Kowa ya san wahalar ruwa a Damargu, ya san zurfin rijiyoyinta. Tekun nan yana da hannu a ciki. Ya bar laka mai kauri a shimfiɗe, ita kuwa laka ba ta ba da ruwa. Ruwa mai yawa yana can ƙasa, cikin dutsen yashi wanda ya girmi tekun. Sai an huda lakar kafin a kai gare shi. Shi ya sa masu ginin fanfo suke duba irin duwatsun wuri kafin su soma aiki. Dutse yakan nuna musu shimfiɗar da suke kai, su ƙiyasta zurfin da ya rage.

Saboda haka waɗannan duwatsu dukiyar ƙasa ce. Akwai baƙi masu saye da ƴan kuɗi kaɗan, su fita da su waje. Dokar Nijar ta shekarar 1997 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Kuma dutsen da aka ɗauke ba a san inda ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Wanda ya ga wuri mai irin waɗannan duwatsu da yawa, ko manyan ƙasusuwa cikin dutse, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya lura da wurin da kyau. Ya faɗa wa maigari ko malamin lakwal, su kai labari ga hukuma a Tanut. Abin da ya kwana shekaru miliyan 95 a ƙasar Damargu, ya kamata jikoki su ma su gan shi.