Batsari da Safana: Finafinai na yawo a ƙasa, babu mai ɗauka

IDAN aka ce Batsari ko Safana, me ke fara faɗo maka a rai? Mai karatu, faɗi tsakaninka da Allah. Yawancinmu labarin 'yan bindiga ne, don shi rediyo ya saba kawo mana daga can. Kuma ba ƙarya aka yi ba. A watan Fabrairu na 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, aka kashe mutum wajen 30. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, jama'a suka yi watanni ba kira ba saƙo. A 2025 ne aka ga al'ummomin yankin suna zaman sulhu da mutanen daji, kowa na neman a samu a yi noma. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasar lafiya.

To amma duk tsawon shekarun nan, a garuruwan an yi haihuwa, an raɗa suna, an kai amare, an ci kasuwa, an yi dariya har da riƙe ciki. Wa ya adana wannan? In ba a yi hankali ba, yaron da aka haifa a Wagini ko Runka zai girma ya nemi hoton garinsu a intanet, ya tarar babu komai sai ƙonannun rumbuna. Wannan asara ce, kuma ta shafe mu, mu masu son fim, domin sana'ar da muke ƙauna sana'ar adana rayuwa ce.

HANYAR BATSARI

Duk wanda ya taɓa shiga motar Batsari daga Katsina, ta wajen Ƙofar 'Yanɗaka, ya san tafiyar kanta fim ce. Kafin mota ta cika an san wanda zai kai gaisuwar surukai da wadda ta dawo daga awo a asibiti. Ga tsohuwa da kaza a cinya. Ga kwandasta yana rantsuwa saura mutum ɗaya, alhali saura uku. Da an bar gari sai gonaki su buɗe, gero da dawa hagu da dama in damina ce, in kaka ce kuwa dammuna a jingine da ƙanshin gyaɗar da aka tuge. Can gaba sai duwatsu su fara ɗago kai, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora.

Batsari gari ne na rogo da dankali. Ranar Alhamis kasuwa ke ci. Ka tsaya gaban mai dafaffen rogo ka kalli hannunta kawai: yadda take tsaga shi, ta zare jijiyar tsakiya, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗiga mai, duk tana ciniki da wani. In ka yi tsaye da yawa za ka ji, "Ɗan nan, mi kake so? Taho ka ɗanɗana." Kai kuma ka ce, "Inna, a sa mani na ɗari, a ƙara yaji." Shi ke nan, an yi sin guda, ba darakta ba fitila.

Saurari bakin mutanen ma. Katsinancin yamma na da nasa zaƙi: "lahiya lau", "tahi", "hwaɗa mashi". Finafinanmu sun mayar da kowa Bakano. In an ji wani karin harshe a fim, to galibi an kawo shi ne don a yi wa baƙauye dariya. Yaushe za mu ga jarumin da ke soyayya da Katsinanci, kuma ba da wasa ba?

Ta ɓangaren Safana, wanda ya bi ta Dutsin-Ma zai ba ka nasa labarin. Ƙasar Yariman Katsina ce, kamar yadda Batsari take ƙasar Sarkin Ruma. Runka na bakin Dajin Rugu, dajin da ya miƙe har cikin Zamfara, kuma tun kafin sunansa ya zama abin tsoro makiyaya ce ta shanu, wurin itace da zuma da 'ya'yan itatuwa. Masu shekaru talatin zuwa sama suna tuna matan Fulani a jere da sassafe, ƙore fes a ka, an rufe da faifai masu ado, suna shigowa gari da nono da man shanu. Suna tuna damun fura a gindin bishiya, mai gida da Bafulatana suna tsokanar juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Wannan zaman tare shi rikici ya fi yi wa illa. In ba a ba da labarinsa ba, na baya za su ɗauka ba a taɓa yin sa ba.

YARAN DA SUKA RIGA MU IYA FIM

Bayan girbi, karan dawa ya bushe, sai kamfanin ƙera motoci ya buɗe a kowane lungu. Yaro zai ɓare bayan kara, ya yanka totuwar daidai-daidai, ya soke, ya haɗa. Kafin la'asar ga tirela da tayoyi, har da madubi. Wani da gwangwanin madara da tsohon silifa zai yi tasa, ya ɗaura zare yana ja, bakinsa na yin ƙarar inji da canjin giya. 'Yan mata na gefe da 'yartsana, an yi mata kitso, an ɗaura mata aure, an kai ta ɗaki da kayan jere na murafun kwalba. Ku duba da kyau: akwai labari, akwai 'yan wasa, akwai kayan ado. Kyamara kawai ta rage.

Akwai ma waɗanda suka yi sinimar kanta. Kwali ne za a huda, a manna farar takarda, a yanka mutum-mutumi da doki, a kunna tocila daga baya. Inuwa ta fito, mai sinima na magana da murya uku, ƙanne na biyan kuɗin shiga da gyaɗa ko goruba. Yara sun gaji wannan ne daga majigi, wato sinimar tafi-da-gidanka da hukuma ke zagayawa da ita garuruwa tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a.

Sai tashe, daga goma ga azumi. Yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki ya zama mai tumbi, ya kwaikwayi tsoho ko malami ko mai rowa, matan gida na dariya suna ba da hatsi. Wasan kwaikwayo ne cikakke, mai barkwanci da gugar zana. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, bai ɗauko salonsa daga Indiya ba. Duk wanda ya yi tashe ya san daga wace rijiya aka ɗebo wannan ruwan.

GIDAN KALLO

Waɗanda suka tashi a farkon shekarun 2000 ba za su manta gidan kallo ba. Rumfar zana ko ɗakin langa-langa, benci a jere, talabijin ɗaya a kan tebur, janareta na kuka a waje. An rubuta sunan fim da alli a jikin allo. Lokacin Sangaya ne, na 1999, da Wasila, na 2000. Kaset ɗin ya sha kallo har hoton na rawa, in zare ya sarƙe sai mai gida ya buɗe bidiyo ya warware da biro, 'yan kallo na ihu. In mai ya ƙare ana tsakiyar fim, to ranar sai a kwana ana gardamar yadda zai ƙare.

Daɗin ba a fim ɗin kaɗai yake ba. Akwai wanda ya riga ya gani, yana faɗin abin da zai faru, ana cewa ya yi wa Allah ya yi shiru. Akwai yaran da ba su da kuɗin shiga, sun liƙa ido a hudar zana, na gaba na ba na baya labari. Daga baya faifan sidi ya kori kaset, waya da memori suka kori faifai, kowa ya koma kallon nasa shi kaɗai. An samu sauƙi, an rasa taron. Shin akwai wanda ya ɗauki hoton ko da gidan kallo ɗaya kafin a mayar da shi shagon caji?

KIRA GA FURODUSOSHI

Sau da yawa in ka tambayi ɗan fim me ya sa kullum labari a katafaren gida yake, da mota mai baƙin gilashi, sai ya ce abin da 'yan kallo ke so ke nan. Anya kuwa? Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 rayuwar talakawan gari ya nuna, da mai shayi da ɗan acaɓa da rigimar kishiyoyi, kuma mutane suka rungume shi shekara da shekaru.

Mu da muke son Indiya, mu leƙa can ɗin. A 1955 Satyajit Ray ya fitar da Pather Panchali, fim ɗinsa na farko, kan wasu yara biyu, ya da ƙane, Durga da Apu, a wani ƙauyen Bengal. Kuɗi sun yanke masa ana cikin aiki, har sai da gwamnatin jiharsu ta agaza. Sin ɗin da duniya ta fi tunawa a ciki shi ne inda yaran suka ruga cikin ciyayi don su ga wucewar jirgin ƙasa. A 1956 fim ɗin ya samu kyauta a bikin finafinai na Kan, a Faransa. A Iran kuma, a 1997, Majid Majidi ya yi Children of Heaven: yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka koma karɓa-karɓa da nasa don kada iyayensu matalauta su sani. Takalmi ƙafa ɗaya ya kai fim ɗin takarar Oscar a 1999.

To motar kara ta fi takalmi rashin daraja ne? Yarinyar da ke tallan rogo tana tara kuɗin litattafai, ko yaron da ya bi motar kasuwa karon farko don ya ga Katsina, ba labari ba ne? Mai son na tarihi ma ga shi a ajiye. Tsohuwar Ruma gari ne na bakin daga a ƙarni na 19, lokacin da ake kai-kawon yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma har yau ana ba da labarin jarumtar Ɗanwaire. Ga duwatsu, ga dawakai, ga tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu. Ba mu ce a kwashi 'yan wasa a shiga daji ba. Lokeshin sai inda mutanen gari da hukuma suka tabbatar da lafiya. Amma rubuta labari ba ya jiran wannan, kuma a Kano da Kaduna da Katsina akwai 'yan asalin yankin da za a zauna da su a sha labari.

KAI MAI WAYA A HANNU

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana Batsari ko Safana, ko kana zuwa hutu ko biki, kada ka jira furodusa. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya da ita a 1990 fitar da hoto, kuma da wannan fim ɗin ne aka buɗe kasuwar finafinan bidiyo na Hausa.

Ka kwantar da wayar a kwance, ka riƙe da hannu biyu, ka ƙirga goma kafin ka motsa. Hasken safe da na bayan la'asar ya fi na tsakar rana, kuma rana ta kasance a bayanka. Ka matsa kusa da hannuwa: hannun maƙeri, na mai saƙar faifai, na mai yankan dankali. Kada ka danne komai da waƙa. Ka bar ƙarar turmi da taɓarya, da kukan jaki, da kiran sallar magariba daga nesa, don bayan shekara ashirin sautin ne zai fi sa ka ƙwalla.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa, musamman matan aure da 'yan mata. "Baba, in ɗauke ka kana aikin nan?" ba ta rage komai. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro, kada ka nuna garken wani ko rumbunsa ko ƙofar gidansa a TikTok, domin ba masoya kaɗai ke kallo ba. Wani hoton na ajiya ne, ba na watsawa ba.

Sannan ka zauna da kakarka. Ka tambaye ta yadda aka kai ta ɗakin miji, a kan doki ne ko a ƙafa, me aka dafa, wa ya yi kiɗa. Ka tambayi kakanka tafiyarsa ta farko zuwa Jibiya ko Maraɗi, kwana nawa, me ya sayo. Ka naɗi muryarsu. Ka rubuta sunan gari da kwanan wata a kan kowane hoto, ka tura wa wani ɗan'uwa kwafi, saboda waya na faɗawa ruwa, memori na lalacewa. Wanda ba shi da babbar waya, littafin makaranta da biro sun isa: abu ɗaya a rana, wanda ya ba ka dariya ko mamaki.

Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. Minti ɗaya na mai rogo, minti biyu na 'yan tashe, muryar tsohuwa tana ba da labarin Rugu lokacin da ake shiga a ɗebo kanya da magarya a dawo lafiya. In matasa ɗari suka yi haka, an samu taskar da marubuci zai buɗe gobe ya ciro fim. Ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, wanda ke kusa da kasuwar Batsari ya caja wayarsa tun dare.