Ruwan Rima, Binciken Jami'a da Bakin Matasan Augie

Kogin Rima da ke ratsa ƙasar Augie ya gangara Argungu da Birnin Kebbi ba damina kaɗai ke juya shi ba. A can sama akwai manyan madatsun ruwa biyu: Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, da kuma Goronyo, da aka kammala a 1984 a kan Rima kansa. Ranar da za a buɗe ƙofofinsu da yawan ruwan da za a saki, mutane ne ke yanke shawararsu a ofis. Matashin da ya zuba kuɗinsa a shinkafar fadama, ko ya sani ko bai sani ba, abincinsa na rataye da wannan shawara. To, wa yake tambayarsa kafin a yanke ta?

Masana jami'a sun daɗe da taɓa wannan batu. William Adams na Jami'ar Kambirij a Ingila ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya wallafa abin da ya gano a 1985. Ruwan da ke malalowa fadama kowace shekara ya ragu bayan gina madatsar, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, masunta suka riƙa fita neman sa'a wasu wurare. Lissafin ribar aikin bai saka asarar waɗannan mutane ba, domin ba a ƙirga da su ba tun farko. Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Siwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi kuma ya rubuta labarin manoman da aka karɓe wa gonaki, suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, har 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980, rayuka da dama suka salwanta. Ɗaya ya duba ruwa da kifi, ɗaya ya duba mulki da haƙƙi, amma duka sun tsaya a wuri guda: inda talaka ba shi da bakin magana, nan ƙasa da ruwa suka fi lalacewa.

Yau ba sai an jira Bature ba. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu, kuma fadama na cikin wuraren da suka fi zuwa. Duk wanda ya zauna a karkara ya san yadda abin yake. Ɗalibi zai sauka daga kan babur da takardun tambayoyi, ya sami saurayi tsaye kan injin ban ruwa, laka har gwiwa. Buhu nawa ka samu bara? Lita nawa kake ƙonawa? Ka taɓa ganin malamin gona? Saurayin ya amsa, ɗalibin ya yi 'yan alamomi a takarda, a yi sallama. Daga nan sai a ɗaure kundin da baƙin bango, cikin Turanci, a jera shi a kanta. Wanda ya ba da amsa ba zai ƙara jin ɗuriyarsa ba. A ganina wannan shi ne babban aibin binciken da ake yi a kanmu, kuma ba laifin ɗalibin ba ne shi kaɗai, tsarin ne bai ɗora masa komawa ba.

Alhali kuwa matasan nan su ne ke ɗauke da nauyin. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kamfanin WACOT kuma ya buɗe masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017, noman rani ya zama sana'ar samari. Su ambaliyar 2020 ta cinye wa gonaki, su kuma tsadar fetur ta fi matsa wa bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. A fagen siyasa ma suna da yawa: a rajistar zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ba. Dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sa wa hannu a 2018 ta ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. Duk da haka, aikin da aka fi kiran matashi a kansa lokacin siyasa shi ne manna hotuna da cika taro.

Zama ɗan ƙasa ya wuce dangwala ƙuri'a sau ɗaya a shekara huɗu, kuma kayan aikin suna nan. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi bayani, har da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima mai kula da Goronyo. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar samarin da ta riƙe waɗannan takardu, ta haɗa da abin da jami'a ta gano, za ta iya zama da kansila da shugaban ƙaramar hukuma ta yi tambaya mai nauyi: nawa aka ware wa gyaran jinga, wa zai sanar da mu kafin a saki ruwa, kwana nawa za a ba mu?

Jami'a ma tana da abin koyo a nan. Tun kafin a fara maganar tattalin muhalli a ajin karatu, Kabawa na da Sarkin Ruwa, kuma ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki, don kifi ya hayayyafa. Bikin kamun kifin Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, a kan wannan horo ya tsaya. Doka ce da mutane ke bi saboda sun san tasu ce.

Kira na ga malaman jami'o'inmu: duk ɗalibin da ya yi bincike a ƙauye, a wajabta masa taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa, ya koma ya karanta wa mutanen a ƙofar hakimi ko a gidan rediyo kafin a sa masa hannu. Ku kuma samarin Augie, idan mai takardar tambayoyi ya sake zuwa gonarku, ku amsa masa da mutunci, amma ku karɓi sunan makarantarsa da na malaminsa, ku tambaye shi ranar da zai dawo da sakamako.