Awon albarushi: abin da maharbi ya kamata ya sani

Kun san tiya. Kun san kuma tiya ɗaya ce a kasuwa, amma hannun masu awo ba ɗaya ba ne. Wani ya cika ta da tozo, wani ya shafe baki, wani ya girgiza ta gero ya zauna sannan ya ƙara. In an kai su bisa sikeli, sai a tarar nauyinsu ya sha bamban. A awon hatsi, wannan asarar ƴan kuɗi ce. A awon albarushi kuwa, asarar yatsu ce, ko ido, ko rai.

Maganar ta shafe mu, don bindigar ɗuri tana nan cikin karkara: wajen maharba, wajen masu tsaron gona, da wajen ƴan bindiga masu buga ta ranar hawan salla ko naɗin sarauta. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana ƙera igwa ana kuma yin albarushi a cikin Zinder.

Albarushi ba fashewa yake yi kamar yadda ido ke gani ba. Ƙonewa yake yi da sauri ƙwarai, ya zama iska mai zafi. Iskar nan ta rasa wurin zama, sai ta tura abin da ke gabanta. Tana tura harsashi, tana kuma tura jikin bututun bindiga ta kowane gefe. In awo ya yi daidai, harsashi ne ke fita. In awo ya wuce ƙarfin ƙarfen, ƙarfen ne ke buɗewa, kuma wurin da yake buɗewa yana kusa da hannun hagu da fuskar mai harbi. Ku lura da wani abu: in an ƙara albarushi kaɗan, ƙarfin turawar ba kaɗan yake ƙaruwa ba, yana iya yin tsalle.

Ko ba a kai ga haɗari ba, awon da ba ya tsayawa wuri ɗaya yana ɓata saiti. Yau harsashi ya sauka ƙasa, gobe ya wuce bisa. Maharbi ya zargi idonsa, ko ya ce an yi masa asiri, alhali tafin hannunsa ne ya yaudare shi. Tafin hannu ba ma'auni ba ne.

To, ku gwada wannan a gida, da gero, ba da albarushi ba. Ku ɗauki ƙaramin kofin shayi. Ku zuba gero a hankali har ya cika, ku shafe baki da tsinke. Yanzu ku buga gindin kofin a ƙasa sau biyar. Za ku ga gero ya sauka, wuri ya samu. Kofi bai canza ba, amma abin da yake ɗauka ya canza. Ku sake gwadawa da shinkafa, ku ga yadda dogayen ƙwayoyi ke gicciyewa suna barin rami tsakaninsu. Haka albarushi yake. Mai laushi ya fi mai tsakuwa cika ma'auni, kuma ya fi shi saurin cin wuta. Ke nan ma'auni guda, da albarushi iri biyu, ƙarfi biyu ne. Ga kuma damina: baƙin albarushi yana shan raɓa kamar gishiri, ya dunƙule, ya ƙi zuba daidai, ya ƙi kamawa da wuri.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu sake ɗura kwanson harsashi da aka riga aka harba. Suna da na'ura mai mazubi a bisa da hannu a gefe. In an juya hannun, awo ɗaya ya faɗo. Amma masu hankali cikinsu ba su yarda da na'urar ita kaɗai. Sai sun zuba awo wajen goma, sun ɗora kowane bisa ƙaramin sikeli, sun ga ko nauyin ya tsaya. Suna juya hannun da ƙarfi iri ɗaya kowane karo, don bugu mai ƙarfi yana sa garin ya zauna, kamar kofin shayin nan. Awonsu ana ce masa giren. Garam 1 ya yi giren 15 da ɗan ɗori. Sikelinsu yana nuna har kashi ɗaya cikin 10 na giren, wato kusan nauyin ƙwayar gero guda. Wanda ke da littafin masu yin albarushi, da ƙarfen da aka gwada a masana'anta, shi ne ke wannan taka-tsantsan. Ina ga mai bindigar da aka ƙera a ƙauye?

Dalilin tsoronsu shi ne, albarushin da ke cikin harsashin kanti wani iri ne daban. Ana ce masa marar hayaƙi. Wani Bafaranshe mai suna Pol Biyey ya fito da shi a 1884 don sojan Faransa. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, shi ya sa da nauyi ake auna shi, ba da cikar ma'auni ba. Nan ne babban kuskure yake. Wani ya samu harsashin kanti, ya farke shi, ya juye garin cikin bindigar ɗuri, wai don ta ƙara ƙara. Kada ku yi haka, ko kaɗan, ko da gauraye da baƙin. Bututun ɗuri ba a yi shi don wannan gari ba. Balle wanda aka yi da bututun ruwa, mai ɗinki a tsawonsa: wannan ko da baƙin albarushi ma abin tsoro ne.

Mai bindigar ɗuri ya samu ma'auni guda ɗaya, na ƙaho ko na gora, wanda maƙerin da ya san bindigar ya yanka masa. Ya riƙa cika shi hanya ɗaya kullum, ya shafe baki, ba tozo. In ya sayi sabon albarushi wanda ƙwayarsa ta fi ta da laushi, ya san tsohon awo ya yi masa yawa. Kada ya zuba kai tsaye daga ƙahon ajiya zuwa bakin bindiga. Bayan harbi, wani lokaci ɗan garwashi yana saura a ciki. In ya kama, wutar za ta hau har cikin ƙahon da ke hannunsa. A zuba cikin ma'auni, a rufe ƙaho, sannan a juye.

Sai ɗuri biyu. Wannan ya fi faruwa ranar biki, ga kiɗa, ga guɗa, ga samari suna gasar wa ya fi ƙara. Mutum ya ɗura, aka yi masa magana, ya manta, ya sake ɗurawa. Maganinsa mai sauƙi ne. Ku sa sandar ɗuri cikin bindiga tana wofi, ku yi mata zane daidai bakin bututu. Ku ɗura awo ɗaya, ku sake yin zane. Daga ranar, sanda ce za ta gaya muku abin da ke ciki. In ta tsaya bisa zane na biyu da tazara, kada a taɓa kunama. Ko dai ɗuri biyu ne, ko kuwa harsashi bai sauka ya zauna kan albarushi ba. Wannan fili da ke tsakaninsu shi ma yana kumbura bututu ko ya tsaga shi.

In an ja kunama bindiga ba ta tashi ba, kada a leƙa bakinta. A riƙe ta tana kallon inda ba kowa, a jira kamar minti ɗaya, don albarushi mai raɓa yakan yi jinkiri sannan ya kama.

Albarushi a ajiye shi a rufe, wuri busasshe, nesa da murhu da fitila da yara. Riƙe bindiga yana son takardar izini daga hukuma, farauta kuma tana da tata takarda da lokacinta, bisa dokar farauta ta 1998. Ma'aikatan gandun daji na yankinku za su gaya muku abin da ake bukata.