Barbados da Takunkumin da Amurka Ta Ƙaƙaba wa Kyuba

Barbados, tsibirin yankin Karibiyan da mutanensa ba su kai dubu 300 ba, tana cikin ƙasashe huɗu da suka ƙulla hulɗar jakadanci da Kyuba ranar 8 ga Disamba, 1972, tare da Jamaika da Guyana da kuma Trinidad da Tobago, a lokacin da yawancin maƙwabta suka juya wa gwamnatin Fidel Castro baya saboda matsin lambar Amurka.

Takunkumin ciniki, wato haramta saye da sayarwa da wata ƙasa domin a tilasta mata sauya manufa, Shugaba Kennedy ne ya tsaurara shi a kan Kyuba a 1962, kuma talaka ne ya fi jin raɗaɗinsa wajen neman magani da kayan gyaran injuna. Matakin da Firayim Ministan Barbados na lokacin, Errol Barrow, ya ɗauka na ƙulla hulɗa da Kyuba ya buƙaci ƙarfin hali, domin tattalin arzikin ƙasarsa ya dogara ga baƙi masu yawon buɗe ido, Amurkawa da yawa a cikinsu. Har yanzu Barbados na goyon bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na neman ɗage takunkumin, wanda aka fara zartarwa a 1992.